Onyinyechi Mark da ƙarfin da muke bari yana lalacewa

A watan Satumbar 2024, a birnin Faris, wata matashiya 'yar Nijeriya mai suna Onyinyechi Mark ta kwanta rigingine a kan benci, ta sauke ƙarfe mai nauyin kilo 150 zuwa ƙirjinta, ta tsayar da shi cak, sannan ta tura shi sama har hannayenta suka miƙe. Nauyin jikinta bai wuce kilo 61 ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun siminti ya san abin da buhu uku ke nufi, ita kuwa ta ɗaga su da ƙarfin damtse da ƙirji kawai, ba tare da taimakon ƙafa ba. Ta ci zinare a gasar Olamfik ta naƙasassu, ta kuma kafa sabon tarihin duniya a ajinta.

Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan baiwar Allah saboda abin da ya same ta shekara biyu kafin nan. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2022 a Birmingham, an hana ta shiga fage ita da Latifat Tijani, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta naƙasassu a Tokiyo, saboda sun makara wajen tantance kayan wasa. Ba nauyi ne ya gagare su ba, ko taɓa ƙarfen ba su yi ba. Shekaru na atisaye suka tafi a 'yan mintoci. Ra'ayinmu shi ne, 'yar wasan da ke shirin ɗaga abin da ya ninka nauyinta ba ita ya kamata ta riƙa duba jadawali da neman mota ba. Don wannan aikin ake kai masu rakiya da kuɗin jama'a. Da wata ce, da ta ajiye wasan ke nan. Onyinyechi ta share hawayenta ta koma ɗakin atisaye.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Lucy Ejike, wadda shan inna ya ɗora kan keken guragu, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. Bose Omolayo ta ci a Riyo da Tokiyo. A Faris ɗin nan, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, ita ma ta kafa tarihin duniya. Tawagar naƙasassu ta Nijeriya ta dawo da lambobi bakwai, shida daga cikinsu mata ne suka ciyo. Makonni kaɗan kafin haka, tawagar masu cikakkiyar lafiya ta dawo daga wannan birni hannu rabbana, ba ko tagulla ɗaya, alhali ita aka fi kashe wa kuɗi, ita aka fi yi wa kiɗa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya yana gida. A duba jerin sunayen nan da kyau, a nuna mana 'yar Kano ko Katsina ko Sakkwato. Arewa ce shan inna ya fi yi wa illa kafin a tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2020, kuma yaran da ta kama suna nan, sun girma. Muna ganin 'yan matan a bakin danja da ƙofar masallaci suna tura kekensu da hannu tun safe har magariba. Ƙarfin damtsen da ake nema a wannan wasa ke nan, amma babu wanda ya taɓa kai su gaban benci ya gwada su. Maza dai sun sami ƙwallon guragu ta kan allon taya, sun kuma nuna bajinta a cikinta. Mata ba a ba su komai ba.

Za a ce al'ada da sutura. Hujjar ba ta da ƙarfi a nan. Wasa ne da ake koya a cikin ɗaki, kuma mace za ta iya horar da mata 'yan'uwanta. Ba ya buƙatar katafaren fili: benci, da sandar ƙarfe, da fayafayan nauyi, da mai horarwa da ya san aikinsa. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta da amfani idan ta tsaya a takarda.

Muna kira ga gwamnonin jihohin Arewa da kwamishinoninsu na wasanni su ware ɗaki ɗaya a filin wasa na kowace jiha don mata masu ɗaga nauyi, su ɗauko tsofaffin zakarun nan su koyar, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari. Iyaye kuma, idan aka buɗe ƙofar, ku bar 'ya'yanku su shiga.