Arrakis da Mai Garuwan Gyadi-Gyadi

A makon jiya na tsaya a wani shago a Gyadi-Gyadi, na tarar da samari biyu suna musu a kan wata duniya da ba ta taɓa wanzuwa ba. Sunanta Arrakis, duniyar rairayi ta littafin Dune, wanda Ba'amurke Frank Herbert ya wallafa a 1965, aka kuma sake yin fim ɗinsa kashi biyu, a 2021 da 2024. Suna cikin gardama mai garuwa ya turo kurarsa ya wuce, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa shi na bi da kallo, domin ya fi kowa a wurin kusanci da labarin da suke yi.

A Arrakis ba a ruwan sama, kuma daga wannan rashi guda marubucin ya fitar da komai. Mutanen hamadarta, Fremen, suna sa tufar da ke tace gumi da numfashi ta mayar musu da ruwan sha. Wanda ya mutu, a kan tatse ruwan jikinsa a mayar wa dangi. Tofar da yawu a gaban mutum girmamawa ce, hawaye don mamaci kuwa kyauta ce mai tsada. A birnin Arrakeen har masu tallar ruwa ake da su a kan titi. Ƙarƙashin rairayin akwai melange, sinadarin da tafiya tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi. Gidajen sarautar waje na yaƙi a kansa, 'yan ƙasa na fama da ƙishirwa. Wanda ya san labarin yuraniyom na Arlit ko man Neja Delta ba ya bukatar fassara.

Herbert ya ari kalmominmu ma, irin su Mahdi, ya ɗora a kan jaruminsa. Na san masu jin haushin wannan aro, ban kuma ga laifinsu ba. Sai dai haushi ba ya rubuta littafi.

Mun taɓa gwadawa. A 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya zuwa sararin samaniya tare da Kolin Koliyo. Shekaru huɗu kacal ke tsakaninsa da Dune. Can an ci gaba da gini a kan harsashin, nan kuwa masu bin sawun Dembo sun yi ƙaranci.

Idan na yi wannan magana da masu harkar fim na Titin Gidan Zoo, amsarsu ɗaya ce: babu kuɗin haɗa jirgin sama jannati a kwamfuta. Gaskiya ne, amma Herbert da takarda ya fara. Abin da ya sa aka yarda da duniyarsa shi ne ya bi tambaya ɗaya har ƙarshenta: yaya doka da ciniki da zaman makoki za su kasance idan ruwa ya fi zinariya?

Kayan irin wannan aiki muna da su jibge. Muna da ayarin gishirin Bilma, da madugu da jagaba da uban dawaki, da dokokin zango. Muna da Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki a samanmu. Matar da ke auna jarka biyu a Tarauni don ta ishe ta girki da wanki da alwalar mutum takwas ta san lissafin Fremen tun kafin ta ji sunansu.

Kirana ga ɗalibai masu rubuta labarai a waya shi ne: ku zaɓi rashi guda ko arziki guda, ku bi shi har ya haifar muku da sarauta da kasuwa da karin magana. Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya tsayar da mai garuwan layinsu gobe da safe, ya tambaye shi inda ya ɗebo ruwan, nawa ya saya, wa ke da rijiyar.