Kukan kunne: yadda ake auna nauyinsa a rayuwar mutum

A wannan fitowa filinmu na lafiyar iyali zai tsaya ne a kan wani ciwo wanda ba ya zubar da jini, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kwantar da mutum, amma yana iya raba dattijo da barci shekara da shekaru. Muna nufin kukan kunne, wato mutum ya riƙa jin ƙara a cikin kunnensa ko a tsakiyar kansa alhali babu wani abin da ke yin ta a waje. Wani zai ce maka kamar kukan gyare ne a daren damina, wani ya ce kamar rediyon da ba a kama tasha ba, wani kuma ya ce tamkar an bar masa ƙudan zuma a ka. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci akufen suke ce masa, masu Ingilishi kuwa tinitus. A gida, in abin ya zo ya wuce nan take, akan yi wa mutum ba'a a ce ana ambatonsa ne a wani wuri. Namu zancen a kan wanda ya zo ya zauna ne.

Masu fama da shi ba kaɗan ba ne. A shekarar 2022 mujallar likitoci ta JAMA Neurology ta buga wani nazari da ya tattara binciken ƙasashe da dama, inda aka ƙiyasta cewa wajen kashi 14 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, wato fiye da mutum miliyan 740, suna jin wannan ƙara. Waɗanda ta tsananta wa kuwa wajen kashi 2 ne cikin ɗari, fiye da miliyan 120. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin 14 da 2. Mafi yawan masu kukan kunne suna noma, suna kasuwanci, suna barci lafiya, sai an tambaye su ma suke tunawa da shi, ga kuma wasu ƙalilan da abin ya dagula wa rayuwa gaba ɗaya. To, da me likita zai rarrabe wannan da wancan, tun da shi ba ya jin ƙarar, kuma awon jini ko hoton kai ba sa nuna ta?

Da farko masana sun nufi ƙarfin ƙarar. Akan sa wa majinyaci abin sauraro a kunne, a riƙa ƙara masa wani sauti a hankali har ya ce ya yi daidai da abin da yake ji. Tun a shekarun 1940 aka lura da wani abin mamaki: ga mafi yawan mutane, har da masu cewa ƙarar za ta fasa musu kai, sautin da ya yi daidai da ita bai fi desibel 5 zuwa 10 ba a bisa mafi ƙanƙantar abin da kunnensu ke iya ji. Wannan ko raɗa bai kai ba. A 1953 kuma wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, suka shigar da mutum 80 masu lafiyayyen kunne cikin ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar, sai kashi 94 cikin ɗari suka fito suna cewa sun ji wata ƙara. Ashe dai kusan kowane kunne yana da nasa ɗan amo, hayaniyar duniya ce ke rufe shi.

Sai aka gane cewa wahalar ba a ƙarfin ƙarar take ba, tana ga yadda ƙwaƙwalwa ta karɓe ta. Wannan shi ne ginshiƙin bayanin da Pawel Jastreboff ya gabatar a 1990. Misalinsa kuwa yana kowane gida. Uwa takan yi barci ana ruwa da tsawa, amma jaririnta na yin ɗan motsi sai ta farka. Mazaunin bakin tasha ya daina jin motoci, amma sauro guda a cikin gidan sauro ya ishe shi kwana zaune. Abin da zuciya ta ɗauka barazana ne, shi kunne ke gadi. Wanda aka gaya masa kukan kunnensa alamar hauka ce, ko jifa, ko wani mugun ciwo a ka, ƙwaƙwalwarsa ba za ta sake shi ba dare da rana.

Saboda haka aka koma tambayar mai ɗaki, tun da shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai tambayar "yaya jiki?" ba awo ba ce, dole a yi ta da tsari, yadda za a yi wa kowa iri ɗaya, a kuma maimaita ta bayan wata uku a kwatanta. Takardar da ta fi shahara ita ce wadda Newman da Jacobson da Spitzer suka fitar a Amurka a 1996, wadda ake taƙaita sunanta da THI, an kuma fassara ta cikin harsuna da yawa har da Faransanci. Tambayoyi 25 ne. Ana tambayar mutum ko ƙarar tana hana shi tattara hankali, ko tana hana shi barci, ko tana sa shi fushi, ko ta ɓata tsakaninsa da iyali da abokai, ko yana ganin kamar wata muguwar cuta ce ta kama shi, ko yana jin ba shi da mafita. "I" maki 4 ne, "wani lokaci" maki 2, "a'a" babu maki, jimla ta tashi daga sifiri zuwa 100. A 2001 wasu likitocin Birtaniya suka raba makin hawa biyar: zuwa 16 abu ne ɗan kaɗan, 18 zuwa 36 mai sauƙi, 38 zuwa 56 matsakaici, 58 zuwa 76 mai tsanani, 78 zuwa 100 kuwa wanda ya kai maƙura.

A 2012 Mary Meikle da abokan aikinta suka fitar da wata mai suna TFI. Ita ma tambayoyi 25 ne, amma kowace amsa tana da hawa daga sifiri zuwa goma, kuma mako ɗaya da ya wuce kaɗai ake tambaya. Ta raba rayuwa gida takwas, daga ciki akwai barci, da ji, da tunani, da hutawa, da halin zuciya. An gina ta ne musamman don gane ko magani ya yi aiki, waɗanda suka tsara ta kuma sun ce sai maki ya ragu da kamar 13 kafin a ce an sami sauƙi na gaske.

Wani zai ce, wannan ai aikin likitoci ne, ina ruwan uwar gida da shi? Da ruwanta ƙwarai. Ciwon da ba a gani shi ne ciwon da ake ƙaryatawa. Matar da ta kwana uku ba barci akan ce raki gare ta. Tsohon da ya daina zama a majalisa, ko ya riƙa yi wa jikoki tsawa, akan ce tsufa ya sa shi faɗa. Ɗan lakkol da karatunsa ya ja baya akan ce wasa ya sa a gaba. Idan aka zauna aka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, maigida ya ji da kunnensa cewa matarsa ta amsa "i" ga ashirin daga cikinsu, zancen raki ya ƙare. Awon shaida ne ga wanda ba shi da mai shaida.

Yana kuma tsare aljihu. Har yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana kashe kukan kunnen da ya daɗe. Ganyen ginko da aka yi ta talla a Turai, da aka gwada shi da kyau ba a ga ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Ga shi kuma ƙarar tana hawa tana sauka da kanta, mafi yawan mutane ma sukan saba da ita bayan watanni. Don haka duk mai tallar magani a kasuwa ko a cikin motar haya zai sami wanda zai rantse masa cewa ya ji daɗin nasa. Abubuwan da awo ya nuna suna rage nauyin ciwon ba su da armashin talla: na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, ɗan sauti mai laushi a ɗaki da dare kamar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, bayani mai kwantar da hankali daga wanda ya san ciwon, da zama da masanin halayyar ɗan Adam don sauya yadda mutum ke fassara ƙarar. Wannan na ƙarshe, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2020 ya nuna yana iya rage ɓarnar da ciwon ke yi wa rayuwa, ko da ƙarar tana nan.

Amma muna da magana a kan takardun nan, domin riga ce da aka ɗinka wa wani. THI tana tambaya ko ƙarar tana hana ka karatu, ko tana hana ka jin daɗin fita cin abinci da zuwa silima. Manomin Tawa ko mai sayar da fura a Damagaram me za su amsa? Su abin da za a tambaye su shi ne ko suna jin ciniki a kasuwa, ko sun daina zuwa suna da gaisuwar mutuwa, ko suna samun natsuwa a cikin salla, ko suna bin labaran rediyo. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Mu mutane ne da in an tambaye mu jiki, ko muna kan gargara, "da sauƙi" muke cewa. Dattijo ba zai faɗa a gaban ɗansa cewa ya kasa jurewa ba, mace ba za ta ce ciwo ya ɓata zamanta da miji ba alhali mijin ne ke yi mata tafinta. Sai maki ya fito 20 ga mutumin da ya kamata ya sami 60, a sallame shi da cewa abin kaɗan ne. Shawararmu ga malaman asibiti ita ce su yi tambayar a keɓe, cikin harshen majinyaci. Ga majinyaci kuwa, alkunya a gaban likita cutar kai ce.

Hukumar NICE ta Ingila, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar amfani da TFI ga manya, ta kuma ce inda harshe ya hana cika takarda a koma ga ma'auni mai sauƙi na nuni. Wannan ana iya yin sa a tsakar gida da ƙwallon dabino goma. Ranar Juma'a, misali, a tambayi mai ciwon: a makon nan, cikin goma, nawa ne ƙarfin ƙarar? Nawa ne damuwar da ta sa ka? Dare nawa ta hana ka barci? Ya ware ƙwallayen, wani yaro ɗan makaranta ya rubuta da kwanan wata. Sau ɗaya a mako ya isa, domin mai sauraron kunnensa kullum ƙara wa ƙarar ƙarfi yake yi. Wannan ƴar takarda tana da daraja a ƙasashenmu, ganin cewa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro guda ga mutum miliyan ɗaya. Wanda ya yi tafiyar yini daga ƙauye zuwa Maraɗi ko Yamai don ganawar minti goma, gara ya je da abin nunawa.

A rubuta kuma abin da ya gabaci ciwon. Kinin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro yana sa kunne kuka, yawanci ya daina in an gama shan sa, haka ma asfirin in an sha da yawa. Allurai irin su jentamisin da sitireftomisin kuwa suna iya yi wa kunne lahani na dindindin, shi ya sa ba a karɓar su daga hannun mai tebur. Sanƙarau yakan bar kurumta da ƙara a baya. Sai masu aiki a injin niƙa, da maƙera, da masu walda, da yaran da ake zaunarwa gaban lasifika a wurin biki: ƙarar da ta kai desibel 85, in ana yini cikinta kullum, tana cin kunne a hankali. Wani lokaci kuma dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti a huta. Tsinke da gashin kaza da ɗiga mai ko ruwan albasa ba su da wuri a nan.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa ƙirga dabino. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a nufi asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Idan ƙarar ta zo tare da jiri mai kayar da mutum, ko karkacewar baki, ko bayan an bugu a ka, shi ma haka. Ƙarar da ke tafiya tare da bugun zuciya, da wadda ta tsaya a kunne ɗaya ta ƙi tafiya, suna buƙatar likitan kunne ya duba su ko da ba sa damun mai su. Wanda kuma aka ji yana cewa ya gaji da rayuwa saboda ƙarar nan, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tsaya yi masa faɗa, a raka shi wurin likita a ranar.