Maganin ɗaurewar tsoka ba na mai tuƙi ba ne

Jama'a, kakar riɗi ta kama a Gadarif, kuma kun san tare da ciwon baya take zuwa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, masu dakon buhu a kasuwar amfanin gona da direbobin da ke kai kaya Galabat ko Fot Sudan, kowa sai ya leƙa saidaliyya, wato kemis, a ba shi maganin "sakin jijiya".

To, ƙwayoyin nan, irin su Norgesic da methocarbamol, ba a kan tsokar kanta suke aiki ba. Ta ƙwaƙwalwa suke bi, shi ya sa suke kawo gyangyaɗi da jiri. Ni dai ba zan shiga lorin da direbansa ya sha su ba, ko da ya bi da shayi kofi uku. Alhaji mai kaya, ka tambayi direbanka kafin ya tashi.

Ga wani tarkon kuma. Kowace ƙwayar Norgesic tana ɗauke da farasitamol miligiram 450. Mutum ya sha ta, ya ƙara da Panadol, bai sani ba ya doshi miligiram 4,000, iyakar babba a yini. Hanta ce ke ɗaukar wahalar. Dattijo mai wahalar fitsari kuwa, tana iya riƙe masa shi gaba ɗaya.

In sha-raɓa ce ta ɗaure bayan an sha rana a gona, a miƙe ƙafar, a sha ruwa da ORS. Amma in ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko ƙwacewar fitsari, a nufi Asibitin Koyarwa na Gadarif a ranar.