A Horar da Masu Riƙe Na'ura Kafin a Sayo Ta

A watan Agustan 2000, shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya zo garinmu Ushafa ya ga masu ginin tukwane. A wannan ziyarar ce, cikin jawabinsa ga majalisar tarayya, ya ambaci Philip Emeagwali, ɗan Najeriyar da ya ci kyautar Gordon Bell a 1989 bayan ya sa dubban na'urorin lissafi suka haɗu a kan aiki guda na nazarin rijiyoyin mai. Har yau muna alfahari da wannan suna, amma yawancin ɗalibanmu na ilimin kwamfuta suna kammala digiri ba su taɓa raba aiki ɗaya tsakanin kwamfutoci biyu ba.

Ina koyar da ilimin kwamfuta a wata jami'a a nan Abuja, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wata ɗalibata ta ajin ƙarshe ta so ta yi aikinta kan hasashen ruwan da ke kwarara zuwa madatsar Usuma, wadda ke shayar da birnin, ga ta nan kusa da mu. Ta ɗora lissafin a kan kwamfutarta ta hannu. Na'urar ta yi zafi har sai da ta riƙa ɗora ta kan bulo, fanka na kaɗa ta. Aka ɗauke wuta, batir ya mutu, aikin kwanaki ya bi ruwa. Yarinyar tana da kai, kuma kwamfutocin ɗakin gwajinmu sun isa su yi aikin. Abin da ba mu koya mata ba shi ne yadda za ta haɗa su.

Manyan kwamfutoci masu saurin lissafi aikin gayya suke yi: a yanka gona kashi-kashi, kowa ya kama nasa, wani ya tsaya yana lura kada a bar gefe ko a maimaita kunya. Iya yankan da iya lurar su ne ilimin. Ɗalibi na bukatar ya san Linux, domin tun Nuwamban 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Yana bukatar MPI da OpenMP don raba lissafi, da Slurm don jera ayyukan mutane bi da bi. Duk waɗannan kyauta ake samunsu.

Za a ce babu kuɗi, babu wuta. Gaskiya ne, babbar na'ura na cin wuta da sanyi. Sai dai koyarwa ba ta jiran babbar na'ura. A 1994, masana a hukumar NASA sun haɗa kwamfutoci 16 na kasuwa suka yi abin da aka sani da Beowulf. Tsofaffin kwamfutocin da ke shan ƙura a ɗakunan ajiyar jami'o'inmu sun ninka waɗancan ƙarfi. Guda shida ko takwas, da wayoyin haɗawa, da 'yan faifan sola, sun isa aji ya koyi aikin da hannunsa, ya lalata, ya gyara.

Afirka ta Kudu ta nuna hanya. Cibiyarsu ta CHPC da ke Cape Town ta ƙaddamar da babbar na'urar Lengau a 2016, amma tun kafin nan take horar da ɗaliban digirin farko. A 2013 tawagar ɗalibanta ta zo ta ɗaya a gasar duniya ta haɗa kwamfutoci da aka yi a Jamus, ta sake ci a 2014 da 2016 da 2019. Da aka yi wa na'urar Ranger ta jami'ar Texas ritaya, ba su raina ta ba. Sun karɓi sassanta aka rarraba wa jami'o'i har da na Botswana, aka koyar da ita. Maroko ma ta ƙaddamar da tata, Toubkal, a 2021.

Mu fa? Bukatarmu ba ta kai tasu ba ne? Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan. A Satumban 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hasashen damina da NiMet ke fitarwa duk shekara, binciken irin shuka mai jure fari, koya wa na'ura Hausa, duk lissafi ne mai nauyi. Idan ba mu da masu yinsa, sai mu ci gaba da biyan wasu su yi mana, a kan bayanan ƙasarmu.

Ƙofa a buɗe take. Manhajar da hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace. Shugabannin sassa su sa wannan darasi a ciki, ya zama dole ga ɗaliban kwamfuta, a buɗe shi kuma ga na kimiyya da injiniya da aikin gona. TETFund ta fara da horar da malamai da ma'aikatan da za su kula da na'urori, a biya su albashin da zai zaunar da su. Sannan a kafa babbar na'ura guda a wuri mai tabbatacciyar wuta, jami'o'i su riƙa shiga ta layin sadarwar jami'o'i na NgREN, ɗalibin Sakkwato da na Zariya kowa ya sami rabonsa.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai kada mu jira kwangila. A zangon karatu mai zuwa, mu buɗe ɗakin ajiya, mu fito da tsofaffin kwamfutocin nan, mu danƙa su a hannun ɗalibai.