Haƙuri Ba Takardar Magani Ba Ne

A Magarya da Dungas, idan sanyin hunturu ya tayar wa yaro da amosanin jini, ƙasusuwansa suka ɗauki zogi har ya kasa kuka, kalmar farko da mahaifiyarsa za ta ji daga bakin dangi ita ce: "Sai haƙuri." Mai ciwon suga da mai hawan jini da mai farfaɗiya duk da wannan kalma ake sallamarsu. Haƙuri halin kirki ne, babu mai musu. Abin kunya shi ne a mayar da shi madadin ilimi.

Akwai fanni guda a jami'o'in duniya wanda aikinsa ke nan: nazarin halayyar ɗan Adam a fagen lafiya, wato yadda mutum yake zama da cutar da ba za ta bar jikinsa ba. A 1977 George Engel ya ja hankalin likitoci cewa ciwo ya haɗa jiki da zuciya da zaman jama'a. A 1984 Richard Lazarus da Susan Folkman suka raba jimrewa gida biyu: lallashin zuciya, da kuma tunkarar matsalar kanta. Dangana da tawakkali sun wadata Bahaushe da gida na farko. Gida na biyu kuwa kango ne. Wa ya zaunar da uwar yaron nan ya bayyana mata cewa sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro su ne ke tayar da ciwon? Wa ya shaida mata cewa idan ita da mijinta duk suna ɗauke da ƙwayar gadon, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4, don haka ba laifinta ba ne ita kaɗai, ba kuma sammun kishiya ba ne?

Tun 2005 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take aiki a Magarya, tana ceton yara daga tamowa da zazzaɓi, musamman da damina. Wannan aikin gaggawa ne, kuma ya cancanci yabo. To amma mai doguwar jinya ba shi da damina ko rani. Cibiyar ƙasa mai kula da amosanin jini tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 1,000. Abin da ya rage masa shi ne gidansu da makarantarsu, inda ake kiransa rago idan ya yi fashi.

A nan ne ya kamata a tuhumi masana. Matashin da ya zaɓi wannan fanni yana samun ƙarin girma ne da yawan maƙalun da ya buga, waɗanda kwamitocin CAMES suke aunawa. Sai ya ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara don majinyatan Faransa ko Amurka, ya rarraba wa masu karatun boko a babban birni, ya rubuta sakamako cikin Faransanci, ya hau mataki. Matar Dungas ba ta shiga lissafi ba. Za a ce ai kimiyya ba ta da harshe. Ƙwayar magani ce ba ta da harshe. Zogi kuwa da harshen uwa ake faɗinsa. Wanda bai san bambancin "jiki ya yi sauƙi" na ladabi da na gaskiya ba, ƙarya zai rubuta ko da bai yi nufi ba.

Kuma ba sabuwar hanya ake nema ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, bai kuwa rasa daraja ba: ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Murray Last ya zauna a karkarar Malumfashi ya saurari yadda Hausawa ke fassara ciwo, har yau ana karanta shi. Ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, a bakin ƙofar gundumomin nan biyu. Ga kundin Maris 2025 da ya ayyana Hausa harshen ƙasar Nijar. Wane uzuri ya saura?

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ma suna da nasu kason. Malami shi ne ya fi kowa sanin ɗalibin da ke ɓacewa duk hunturu. Masu wasan kwaikwayo suna iya kai zancen gwajin jini kafin aure inda takardar likita ba ta kaiwa. Su kuma suna da bakin da za su tambayi duk mai bincike da ya zo garinsu: da wane harshe zai dawo musu da abin da ya gano, kuma yaushe? Idan ba shi da amsa, shi ma sai a ba shi haƙuri.