Fuat Sezgin da aikin da ba a yi wa tafi

Masu yabon Fuat Sezgin sukan fara ne da gidan tarihinsa na lambun Gulhane a Istanbul, wanda aka buɗe a 2008, inda aka jera kwafin na'urorin auna taurari, agogunan ruwa da kayan tiyata na malaman Musulunci na da. Abin kallo ne, babu shakka. Amma nauyin mutumin yana cikin aikin da ba ya ɗaukar ido, wato kundin tarihin rubuce-rubucen Larabci da ya wallafa da Jamusanci, juzu'i 17, wanda na farkonsa ya fito a 1967.

An haife shi a Bitlis a 1924, ya yi karatu a hannun Hellmut Ritter. Bayan juyin mulkin soja na 1960 yana cikin malamai 147 da aka sallama daga jami'o'in Turkiyya, sai ya koma Frankfurt ta Jamus. Da farko niyyarsa cike giɓin kundin Carl Brockelmann ce kawai. Da ya ga yawan littattafan hannu da suka kuɓuce wa magabacin nasa, sai ya soma nasa daga tushe.

Tsarin kundin ba shi da ado: sunan marubuci, littattafansa, ɗakin karatun da kowane kwafi yake, da lambarsa. Juzu'in likitanci ya fito a 1970, na lissafi a 1974, na ilimin taurari a 1978, kuma akasari sun tsaya a wajen shekara ta 430 bayan Hijira. Wannan jeri ne ya sauya muhawara. Mai cewa Musulmi ajiyar littattafan Girkawa kurum suka yi, yanzu sai ya je ya buɗe takardar da aka nuna masa wurinta.

Inda Sezgin ya bar jeri ya shiga hasashe, ƙafarsa ba ta tsaya da ƙarfi ba. Ya dage cewa matuƙan jiragen ruwa Musulmi sun riga Kolumbus isa nahiyar Amurka, alhali hujjarsa fassarar taswira ce, kuma yawancin masana ba su karɓa ba. Haka nan matsayinsa kan littattafan da ake jingina wa Jabir ibn Hayyan, inda ya saɓa wa Paul Kraus da ya ce rubutun mutane da yawa ne na baya. Abin takaici, zancen Amurka ne ya fi yawo a bakin masoyansa. Masu yi masa raddi kuwa, kundinsa suke buɗewa don gano inda littattafan Jabir suke.