NAZARI: Sabuwar dokar inshora da tambayoyin da ejan-ejan ba su so a yi musu

Tun daga watan Agustan 2025, lokacin da Fadar Shugaban Ƙasa ta bayyana cewa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Gyaran Harkar Inshora, kamfanonin inshorar rai a Najeriya suka shiga faɗi-tashin neman kuɗi. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin da kamfanin inshorar rai zai mallaka daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 10, na inshorar dukiya daga biliyan 3 zuwa biliyan 15, na kamfanonin da ke yi wa sauran kamfanoni inshora kuwa daga biliyan 10 zuwa biliyan 35. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ƙarƙashin jagorancin Olusegun Omosehin, ta ba su wata 12 su cika sharaɗin, wa'adin da aka tsayar zuwa ƙarshen watan Yulin 2026.

Akasarin abin da aka rubuta kan dokar ya tsaya ne ga masu hannun jari da shugabannin kamfanoni. Ba a cika waiwayar mutumin da ke tsakiya ba: ejan da ke bin ofisoshi da takardu a jaka, dillalin inshora, da ma'aikacin banki da ke tallata tsarin tanadin karatun yara. Ta bakinsu ne malamin makaranta a Zariya ko ma'aikaciyar jinya a Gombe ke jin labarin inshora, kuma shawararsu ce ke ɗaure mutum shekara 10 ko 15 yana zubi. Bayan sabuwar dokar, shawarar tasu ta ƙara nauyi, domin wasu kamfanonin da suke tallatawa ba lallai su kai labari da sunayensu na yanzu ba.

Jarin da ya ninka biyar, amma ya ragu

Kafin wannan doka, rabon da a yi nasarar ƙara wa kamfanonin inshora jari tun 2007. An gwada a 2018 aka janye. A 2019 NAICOM ta nemi kai jarin inshorar rai biliyan 8, sai shari'o'i da tsoma bakin Majalisar Wakilai suka tsayar da shirin a ƙarshen 2020. Bambancin wannan karo shi ne alƙaluman suna cikin dokar Majalisa, wadda ta soke Dokar Inshora ta 2003, saboda haka zai yi wuya a rusa su da hujjar cewa hukuma ta wuce gona da iri.

Sai dai akwai lissafin da ba a so a yi da ƙarfi. A 2007, Dala ɗaya ba ta kai Naira 130 ba, wato biliyan 2 na wancan lokaci ya haura Dala miliyan 15. Lokacin da aka sanya hannu kan sabuwar doka, Dala na kusan Naira 1,500, don haka biliyan 10 bai kai Dala miliyan 7 ba. A takarda jarin ya ninka sau biyar, amma a ƙarfin kuɗi bai kai rabin na shekaru 18 da suka wuce ba. Abin da ya fi muhimmanci a dokar shi ne ikon da ta ba NAICOM na neman kamfani ya ajiye jari daidai da girman haɗarin da ya ɗauka, ko da ya zarce biliyan 10. Ejan da ke ce wa mutane kamfaninsa "ya cika jari" bai gama bayani ba, sai ya faɗi yawan alkawuran da ke wuyan kamfanin.

Dalilin damuwar ba hasashe ba ne. A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance. A watan Oktoban 2024 ta rushe hukumar daraktocin African Alliance, kamfanin da aka kafa tun 1960, ta naɗa shugabannin riƙo, bisa dalilin cewa ya kasa sauke nauyin da ke kansa, musamman na 'yan fansho. Tsufan kamfani da sanin sunansa, waɗanda ejan-ejan suka daɗe suna kafa hujja da su, ba su hana komai ba.

Zaɓin da ba a komawa baya

Inda shawara ta fi tsada shi ne ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, wanda ya yi ritaya yana da hanya biyu. Ko ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fanshonsa ana ɗibar masa wata-wata, ko ya miƙa su ga kamfanin inshorar rai wanda zai riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa, tsarin da ake kira anuwiti.

Kowace hanya tana da amfaninta. Kuɗin ɗiban wata-wata za su iya ƙarewa idan Allah ya yi wa mutum tsawon rai, shi kuwa anuwiti alkawari ne na har mutuwa. Amma akwai sharuɗɗa uku da ya kamata a karanta wa tsoho da babbar murya kafin ya sa hannu. Wanda ke kan tsarin ɗiba zai iya komawa anuwiti daga baya, amma wanda ya shiga anuwiti ba zai dawo ba. Na biyu, shekara 10 ce aka lamunce: idan mutum ya rasu a cikinta, a biya magada ragowar, idan kuwa ya wuce ta, magada ba su da komai, alhali a tsarin ɗiba duk abin da ya rage a asusu gado ne. A gidan da uba ya bar mata biyu da yara goma sha, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma sau da yawa a wurin rabon gado ake fara jin labarinsa.

Na uku shi ne hauhawar farashi. Yawancin yarjejeniyoyin anuwiti adadi ɗaya suke biya daga farko har ƙarshe, yayin da Hukumar Fansho, PenCom, takan amince da ƙari lokaci-lokaci ga masu tsarin ɗiba waɗanda asusunsu ya yi riba. Wanda aka yanke wa Naira dubu 60 a wata a 2019, lokacin da mafi ƙarancin albashi ke dubu 30, ya ɗauka ya huta. Yau mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne, shi kuwa yana nan a dubu 60.

NAICOM ta san inda gizo ke saƙar. A farkon 2025 ta fitar da ƙarin ƙa'idoji da suka wajabta wa duk kamfanin da ke harkar anuwiti samun ƙwararren masanin lissafin haɗari da zai riƙa daidaita kadarorin kamfani da alkawuransa, wanda kuma ya kasa, ya miƙa 'yan fanshonsa ga wani kamfani. Matsalar ita ce irin waɗannan ƙwararru ƙalilan ne a ƙasar.

Tanadi ko asarar da ba a gani

Kayan da suka fi saurin shiga a Arewa su ne tsare-tsaren da suka haɗa tanadi da kariya: na karatun yara, na aure, na aikin Hajji. Mutum ya yi zubi shekaru, a ba shi dunƙule a ƙarshe, idan ya rasu kafin lokacin a biya iyalinsa. Tsarin ya yi kama da adashi, shi ya sa yake kwanta wa mutane a rai.

To amma adashi wata goma ne ko shekara guda. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamban 2024, kafin a sauya ma'aunin lissafi a Janairun 2025. Ko da an ƙaddara ta tsaya a kashi 15 kacal kowace shekara, Naira miliyan 1 da aka yi wa mutum alkawari bayan shekara 10 ba za ta sayi fiye da abin da dubu 247 ke saya yau ba. Kuma wanda ya gaji ya daina zubi a shekarun farko yakan karɓi ƙasa da abin da ya zuba, saboda an riga an cire kamasho da kuɗin gudanarwa.

Mai ba da shawara na gaskiya dole ya ajiye wannan kusa da abin da gwamnati kanta ke biya. Ofishin Kula da Basussuka yana sayar da takardun tanadi na shekara 2 da 3 kowane wata, daga Naira 5,000. Sukuk na Naira biliyan 300 da aka fitar a watan Mayun 2025 ya zo da ladan haya na kashi 19.75 a shekara, kuma buƙatun da aka shigar sun haura tiriliyan 2. Ga mutane da yawa, zai fi riba su sayi inshorar rai zalla mai arha don kare iyali, su kai tanadinsu wani wuri. Amma wannan shawara ce da ke rage wa ejan kamasho, kuma yawancinsu ba su da albashi tsayayye. Ba mugunta ba ce, tsarin biyan ne ya gina haka: wanda cikinsa ya dogara da sabon zubi ba zai yi gaggawar cewa "kada ka saya" ba.

Sabuwar Dokar Haraji, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta ba masu talla wani makami. Ta bar zubin inshorar rai cikin abubuwan da ake cirewa kafin a lissafa haraji. Gaskiya ne, amma rangwamen yana amfanar wanda ke biyan haraji ne kawai. Dokar ta yafe haraji kan Naira dubu 800 na farko a shekara, saboda haka ƙaramin ma'aikaci ba shi da wani abin kirki da zai rage.

Akwai ma kariyar da ma'aikata da dama suke da ita ba su sani ba. Dokar Fansho ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Tambaya ta farko kafin a sayar wa ma'aikaci sabon tsari ita ce ko wurin aikinsa yana biyan wannan.

Takaful

Ga masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi a 2016. A takaful na iyali, zubi kashi biyu ake yi: wani ya tafi asusun taimakon juna a matsayin kyauta, wani a juya shi a kasuwancin halal. Idan asusun taimako ya yi rara, ana iya raba wa mahalarta. Wannan ya warware matsalar Shari'a, bai warware ta hauhawar farashi ba. Mai saye yana da haƙƙin sanin kaso nawa kamfani ke ɗauka a matsayin ladan wakilci, da yadda ake raba ribar jari, kamar yadda zai tambaya a ko'ina.

Idan kamfani ya faɗi

Sabuwar doka ta kafa asusun kare masu inshora, wanda zai tallafa idan kamfani ya durƙushe. Ci gaba ne, amma ba a jarraba shi ba tukuna, kuma kuskure ne a kwatanta shi da kariyar ajiyar banki. Lokacin da Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, hukumar NDIC ta fara biyan masu ajiya har Naira miliyan 5 kowanne, daga asusun da ta shafe shekaru fiye da 30 tana tarawa. Asusun inshora yanzu aka haife shi.

Kamfanin da ya kasa cika jari yana da zaɓi kaɗan: ya haɗe da wani, a saye shi, ya miƙa masu hulɗa da shi ga wani kamfani, ko ya rasa lasisi. A hanyoyi ukun farko yarjejeniyar mai zubi tana nan, sai dai a hannun kamfanin da ba shi ya zaɓa ba. A ta huɗu, zai shiga layin masu bin bashi a gaban mai rarraba kadarori. Ƙarshen watan Yulin 2026 ne wa'adin da aka tsayar don sanin waɗanda suka tsallake, amma a kullum ana ci gaba da sa hannu kan yarjejeniyoyin shekara 10 da 15 a ofisoshin Kano, Kaduna da Abuja, kuma fom ɗin da ake miƙa wa mai saye ba shi da layin da ke nuna inda kamfanin ya tsaya a neman jarinsa.